Malamin Turanci Muke Nema

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har aji shida. A 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya soke tsarin, ya ce a koma Turanci. Wannan kai-komo na Abuja bai kai ga ajin ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar a Jigawa ba, inda malami ke rubuta jimlar Turanci a allo, yara su bi shi da amshi, amma ka tambaye su ma'anarta sai su yi tsuru-tsuru. Yaron Maigatari da ke lissafin naira da sefa a kasuwar Alhamis ba daƙiƙi ba ne. Wanda zai kama hannunsa daga Hausa zuwa Turanci ya rasa. Kuma in ba kiredit a Turanci, ba zancen jami'a. Ga Kwalejin Ilimi ta Gumel a ƙofar gida. Ya kamata Gwamnatin Jigawa ta riƙa tura malaman firamare can lokacin hutu a ƙara musu horo, a kuma ba kowane yaro littafin karatun da zai tafi da shi gida.