Wuƙar aljihu a tsaka mai wuya: Yadda dokokin tsaro ke sauya tsohuwar al'ada a Turai

A watan Mayun 2024 shugaban kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, Carl Elsener, ya shaida wa jaridar Blick cewa kamfaninsa ya fara aikin ƙera sabon samfurin shahararriyar wuƙarsa ta aljihu, wanda zai fito da almakashi da sauran ƙananan kayan aiki amma babu ruwan wuƙa a jikinsa. Dalilin da ya bayar shi ne yadda ƙasashe ke ƙara tsaurara dokokin yawo da wuƙa, musamman Ingila da wasu ƙasashen Asiya. Kamfanin ya ce tsohon samfurin yana nan daram. Duk da haka maganar ta girgiza masu sha'awar wuƙaƙe, domin gidan da ya yi ta shi ne wanda Karl Elsener ya kafa a ƙauyen Ibach a 1884, kuma tun 1891 yake ƙera wa sojojin ƙasar wuƙa.

Watanni kaɗan bayan haka aka samu kashe-kashe da wuƙa a Birtaniya da Jamus da suka tayar da hankalin jama'a, gwamnatoci suka garzaya majalisa da sababbin dokoki. Tun daga lokacin, masu tara wuƙaƙen aljihu na gargajiya da masu yawo da su kullum suke fuskantar tambayar da kakanninsu ba su san da ita ba: shin abin da ke aljihunsu kayan aiki ne ko makami?

Mece ce wannan sha'awa?

Wuƙar aljihu ta gargajiya ƙaramar wuƙa ce mai ninkewa, wadda ruwanta ke shigewa cikin ƙota idan an rufe ta. Akan yi ƙotar da itace ko ƙashi ko ƙaho, da farce ake buɗe ta, kuma yawancinsu ba su da makulli, ƙarfen da ke bayan ƙotar ne kawai ke riƙe ruwan. Kusan kowane yanki na Turai yana da irin tasa: Opinel da Laguiole a Faransa, wuƙar Albacete a Sifaniya, ta Pattada a tsibirin Sardiniya na Italiya, da Barlow wadda ta samo asali a yankin Sheffield na Ingila kafin ta zama abokiyar manoman Amurka.

Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyoyi da bukukuwa. Duk watan Mayu maƙera da masu saye kan hallara a garin Thiers na Faransa domin bikin Coutellia, a watan Yuni kuma birnin Atlanta na Amurka ke karɓar Blade Show. Suna musayar wuƙaƙe, suna koya wa juna wasa kaifi, suna gardama a kan hatimin da maƙeri ya buga a gindin ruwa. Kamfanin Case na jihar Pennsylvania ya fara buga ɗigo goma a gindin wuƙaƙensa a 1970, yana rage ɗaya kowace shekara, don haka masani na duban ɗigon sai ya faɗi shekarar da aka ƙera ta. A Faransa da Ingila har yanzu wanda aka ba kyautar wuƙa yakan mayar da ɗan kwabo ga mai kyautar, wai don kada kaifin ya yanke zumunci.

Wani ɓangare na wannan tarihi ya ratsa Afirka. An fara ƙera wuƙar Okapi a birnin Solingen a 1902 domin kasuwannin ƙasashen da Jamus ta yi wa mulkin mallaka, sannan aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Douk-Douk kuwa, wadda ake yi a Thiers tun 1929, a Arewacin Afirka ta samu karɓuwar da ta sa sunanta ya yi tashe.

Birtaniya: ana auna wuƙa da inci

Dokar Ingila da Wales ta 1988 ta haramta fita bainar jama'a da duk wani abu mai kaifi ko tsini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara huɗu. Abin da ta keɓe kawai shi ne wuƙa mai ninkewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7.6. Daga baya kotuna suka yanke cewa duk wuƙar da ke kullewa idan an buɗe ta ba ta cikin wannan rangwame, komai ƙanƙantarta. Ana karɓar uzurin sana'a ko addini ko suturar gargajiya, kamar wuƙar mabiya addinin Sikh da wadda 'yan Scotland ke sakawa a safa.

Sakamakon haka shi ne Opinel mai lamba 8, wadda iyalan Faransa ke yanka burodi da cuku da ita idan sun fita shaƙatawa, na iya jefa mutum cikin shari'a a Landan, domin ruwanta ya kai santimita 8.5 kuma tana da zoben kullewa da aka ƙara mata a 1955 don kare yatsun mai amfani da ita. Abin da maƙeri ya saka domin kiyaye hannu shi doka ta ɗauka alamar haɗari.

Bayan kisan ƙananan 'yan mata uku a garin Southport a ranar 29 ga Yulin 2024, matsin lamba ya ƙaru a kan gwamnatin Keir Starmer, wadda ta yi alƙawarin rage laifukan wuƙa da rabi cikin shekara goma. A watan Satumban 2024 haramcin manyan wuƙaƙe da addunan da ake yi wa ado don ban tsoro ya fara aiki, a watan Agustan 2025 kuma aka haramta takubban ninja. Ƙaramar wuƙar gargajiya ta tsira a takarda, sai dai idon da jama'a ke kallonta da shi ya sauya.

Jamus: ana duba wurin da aka kai ta

A ranar 23 ga Agustan 2024 wani mahari ya kashe mutum uku da wuƙa a wajen bikin cikar birnin Solingen shekara 650, ƙungiyar IS ta ɗauki alhaki. Abin ya ƙara zafi domin Solingen ita ce cibiyar ƙirar wuƙa ta Jamus, har ana yi mata laƙabi da birnin kaifi. Kafin nan, a ƙarshen watan Mayu, an daɓa wa wani ɗan sanda wuƙa a Mannheim, ya rasu bayan kwana biyu.

Ministar cikin gida ta lokacin, Nancy Faeser, ta ba da shawarar rage tsawon ruwan wuƙar da aka yarda a fita da ita daga santimita 12 zuwa 6. Dokar da majalisa ta zartar a watan Oktoban 2024 ta fi karkata ga wurare: an hana shiga da wuƙa bukukuwa da wasanni da kasuwannin baje-koli da jiragen ƙasa masu dogon zango, aka kuma ba 'yan sanda damar bincike ko da ba su zargi mutum da komai ba. Akwai rangwame ga masu sana'a da wanda ya adana wuƙarsa yadda hannu ba zai kai gare ta nan take ba. Amma ga mutumin da ya saba jefa wuƙarsa a aljihu da safe kamar yadda yake jefa makulli, yanzu sai ya yi lissafin duk inda ƙafarsa za ta taka a yinin.

Amurka ta bi wata hanya dabam

Yayin da Turai ke ƙara ɗaurewa, jihohin Amurka sassautawa suke yi. Jihar Texas ta sassauta dokar manyan wuƙaƙe a 2017. A 2019 jihar New York ta soke haramcin wani nau'in wuƙa mai ninkewa, bayan shekaru ana kama dubban mutane a kanta, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu leburori da masu aikin hannu da suka saye ta a shagon kayan gini. A watan Agustan 2024 kotun ƙolin jihar Massachusetts ta rushe haramcin wuƙa mai buɗewa da maɓalli, bisa hujjar 'yancin riƙe makami da tsarin mulki ya tanada.

Labarin New York shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu adawa da dokokin kan-mai-uwa-da-wabi. Idan doka ba ta fayyace abin da ta hana ba, wuƙa da nama sukan koma hannun ɗan sandan da ke kan titi, kuma talaka da baƙo ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu, ba attajirin da ke ajiye wuƙaƙe ɗari a akwatin gilashi ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu sha'awar wuƙaƙe suna cewa an bar jaki ana dukan taiki. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya na nuna cewa a kashe-kashen da ake yi da abu mai kaifi, wuƙar ɗakin girki ce kan gaba, kuma da irinta aka yi ta'asar Southport bayan an saye ta a intanet. Mai niyyar kisa ba ya neman ƙaramar wuƙa marar makulli wadda ke iya ninkewa ta yanke masa yatsu.

Hukumomi su ma suna da tasu hujjar. Ɗan sandan da ke ƙofar filin wasa ba shi da ma'aunin gane zuciya, kuma ba shi da lokacin tantance wuƙar gado da ta ɗan daba a cikin cunkoson dubban mutane. Ƙa'ida ɗaya ga kowa ta fi sauƙin aiwatarwa. Bayan haka, masana'antar wuƙa ba ta fita fes daga zargi ba, domin wasu kamfanoni sun shafe shekaru suna tallata wuƙaƙe da sunayen yaƙi da siffofin ban tsoro don jan hankalin matasa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu kuwa, kamar waɗanda suka yi fafutukar haramta takubban ninja a Birtaniya, ba su da dalilin damuwa da bambancin ƙota da ƙota.

Masu karatu a Kano da Kaduna ba baƙin wannan muhawara ba ne. 'Yan sanda kan baje wuƙaƙen da suka ƙwace daga 'yan daba da masu ƙwacen waya, alhali mahauci da mai tsire da makiyayi da mai sayar da rake ba sa iya neman abinci sai da wuƙa a jiki. Duk matakin da bai bambance waɗannan da waɗancan ba, mai sana'a zai fara faɗawa.

Darasin Japan

Tarihi ya nuna cewa al'ada irin wannan na iya dusashewa ko da doka ba ta haramta ta kai tsaye ba. A Japan akwai ƙaramar wuƙa mai suna higonokami, wadda ake ƙerawa a garin Miki tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma da ita 'yan makaranta ke fiƙe fensir. A watan Oktoban 1960 wani matashi ɗan shekara 17 ya kashe shugaban jam'iyyar gurguzu Inejiro Asanuma da gajeren takobi a gaban kyamarar talabijin. Sai aka shiga gangamin raba yara da duk wani abu mai kaifi, makarantu suka koma na'urar fiƙe fensir, maƙera suka yi ta rufe shaguna. A yau gidan Nagao ne kaɗai ya rage da ikon amfani da sunan.

Wannan ne abin da garuruwan maƙera na Turai ke tsoro. Sheffield, wadda ƙungiyar maƙeranta ta samu rajista tun 1624, kuma a cikinta Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913, ta rasa mafi yawan ƙananan maƙeranta masu zaman kansu. Rasuwar Stan Shaw a 2021 yana da shekara 94 ta zama tamkar rufe wani babi. A Amurka tsofaffin gidaje irin su Schrade da Camillus da Queen sun rufe masana'antunsu tsakanin 2004 da 2018. Ƙauyen Laguiole kuwa ya daɗe yana kallon wuƙaƙe masu arha daga Sin da Pakistan suna shiga kasuwa da sunansa, abin da ya sa maƙera ke sa rai da sabon tsarin Tarayyar Turai na kare sunan asalin kayan sana'ar hannu, wanda aka tsayar da watan Disamban 2025 don fara aiki da shi.

Ina aka dosa?

Alamu na nuna cewa rassa biyu na wannan sha'awa sun fara rabuwa. Tarawa tana bunƙasa: kamfanin Great Eastern Cutlery da aka kafa a Pennsylvania a 2006 yana fitar da wuƙaƙen gargajiya 'yan kaɗan, su ƙare nan da nan, a sake sayar da su da tsada. Yawo da wuƙa kuwa filinsa ƙuntata yake yi. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001, wanda Elsener ya ce ya zaftare cinikin wuƙaƙensu da fiye da kashi 30 cikin ɗari, aka rufe mata ƙofar jirgin sama a Amurka, kuma da hukumar tsaron sufurin ƙasar ta yi yunƙurin sassautawa a 2013, ma'aikatan jirage sun yi caa har ta janye. Yanzu jirgin ƙasa da kasuwa da dandalin biki suna bin sahu.

Idan aka ci gaba a haka, wuƙar da aka ƙirƙira domin makiyayi da manomi za ta koma kayan ajiyar masu hali. Abin da zai iya rage wa al'adar wannan asara shi ne ƙa'ida bayyananniya da kowa zai iya aunawa da kansa, irin ta inci 3 a Ingila, tare da kamfanoni su daina tallar wuƙa a matsayin makamin kare kai, ƙungiyoyin masu sha'awa kuma su koya wa sababbin shiga inda ake kai ta da inda ake barin ta a gida. Gwamnatoci su ma za a auna su ne da yawan rayukan matasan da aka ceto, kuma wannan aiki ne da ya shafi makaranta da aikin yi da tarbiyyar gida fiye da tsawon ruwan wuƙa.