Sharhi: Faɗuwar tsofaffi masu nakasa a cikin gida, haɗarin da doka ba ta kai gare shi ba

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta bayar domin gyara gine-ginen jama'a ya cika. Tun daga lokacin, muhawara ta fi karkata kan ko ma'aikatu, bankuna da asibitoci sun samar da hanyar da keken guragu zai bi. Sai dai tsohon da ke fama da nakasa a gida yake shafe yawancin lokacinsa, kuma tsakanin gadonsa da banɗaki ne haɗarin faɗuwa ya fi jiransa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa a kowace shekara sakamakon faɗuwa, lamarin da ya sa ta zama ta biyu, bayan haɗurran hanya, a jerin raunukan da ke kisa ba da gangan ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace na aukuwa ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama na faɗuwa a kowace shekara.

Nakasa na ninka wannan haɗari. Wanda ya gamu da shanyewar ɓarin jiki yana jan ƙafa ɗaya. Mai yanar ido ba ya bambance dokin ƙofa da daɓe. Mai ciwon suga kan rasa jin tafin ƙafarsa. Wanda ya rayu da shan inna tun yarinta kuwa, ƙarfin hannu da kafaɗar da ya dogara da su na raguwa da shekaru. Magunguna ma na da nasu tasirin: wasu na hawan jini kan jawo jiri idan an miƙe da sauri, masu sa yawan fitsari na tilasta fita cikin dare, na barci kuma na rage kuzari.

Yanayin gidajenmu na ƙara dagula lamarin. Banɗakin tsuguno na buƙatar ƙarfin gwiwa wanda tsoho ba shi da shi. Tayil mai santsi da ya zama abin yayi a birane tarko ne da zarar ruwa ya zuba. A gidajen gargajiya, makewayi na can ƙarshen tsakar gida, ga kwata, ga gansakuka a lokacin damina. Idan aka haɗa da ɗaukewar wutar lantarki, silifas da ya suɗe da bakin tabarma da ya naɗe, fitowa alwalar asuba kaɗai ta isa ta zama sanadin karaya.

Abin da ke biyo baya ya fi faɗuwar kanta muni. Karayar ƙugu, wadda ta fi samun mata saboda raunin ƙashi bayan daina al'ada, galibi aikin tiyata take buƙata. Iyalai da dama, saboda tsadar aiki da nisan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano, Igbobi a Legas da na Inugu, kan fara kai majiyyaci wajen mai ɗori. Doguwar kwanciya kuma na haifar da gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Ko wanda bai karye ba, tsoro kan hana shi motsi, tsokar jiki ta ƙara rauni, haɗarin sake faɗuwa ya ƙaru. Sau da yawa mace ce, 'ya ko suruka, ke ajiye sana'arta domin jinya.

Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. Akwai Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, akwai Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman da aka kafa a 2020, akwai Manufar Ƙasa kan Tsufa da aka amince da ita a 2021, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun tallafa wa masu rauni. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ma na da cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Giɓin da ya rage shi ne wanda zai taka ƙafa ya shiga gidan tsoho ya duba inda zai iya zamewa, domin tanadin doka kan gine-gine ya fi shafar wuraren da jama'a ke shiga.

Cibiyoyin kiwon lafiya a matakin farko ne suka fi dacewa da wannan aiki. Jami'an lafiyar al'umma da ke shiga gida-gida domin rigakafin yara na iya ƙara tambaya ɗaya ga kowane dattijo: ko ya faɗi a cikin shekarar da ta gabata? Amsar za ta nuna wanda ke buƙatar awon jini a zaune da a tsaye, gwajin ido, sake duba magunguna, ko a tura shi wajen likitan gashin ƙashi domin atisayen ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa.

Iyalai ma ba sai sun jira gwamnati ba. Ƙarfen dafawa da mai walda zai kafa a bangon banɗaki, kujerar bahaya da ta wanka, fitila mai cajin hasken rana a gefen gado, sanda mai roba a ƙasa daidai tsawon mai ita, da takalmi mai kama dunduniya, duk ba su kai kuɗin kwana kaɗan a gadon asibiti ba. Yana da kyau tsoho ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, ya yi alwala a zaune, kuma a mayar da ɗakinsa kusa da banɗaki. Idan kuwa ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko ya bugu a ka, asibiti ya kamata a nufa nan take.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Kafin wa'adin ya cika, sanya binciken haɗarin faɗuwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, tare da shigar da kayan taimakon tafiya cikin inshorar masu rauni, mataki ne da gwamnatin tarayya da jihohi za su iya ɗauka ba tare da kafa sabuwar hukuma ba.