DAGA ƘOFAR GIDA: Harshen Da Ba Shi Da Gari

 

Ran nan bayan sallar lisha na biya ta Aboabo gidan yayata, sai na tarar da ɗanta zaune a ƙofar gida tare da abokansa biyu, butar ataya tana kan gawayi, kowa ya ƙura wa waya ido. Can sai na ji yaron ya yi wani irin kakari kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya. Na zabura zan nemo ruwa, sai suka ce, "Kawu, lafiya lau, karatu muke yi." Na ce na Larabci ko na Faransanci? Suka ce na Kilingon. Na ce mutanen wace ƙasa ke nan? Suka ce ai ba su da ƙasa, a sinima kaɗai ake ganinsu.

To, matambayi ba ya ɓata. Na jawo benci na zauna, daga baya kuma na bi diddigin maganar. Ashe wani masanin harsuna ne Ba'amurke, Marc Okrand, aka ɗauka haya ya ƙirƙiro wa wasu halittun sararin samaniya harshe domin fim ɗin Star Trek na uku, wanda ya fito a 1984. A 1985 ya buga ƙamus ɗinsa. Da gangan ya murɗe shi don kada ya yi kama da maganar 'yan Adam: inda mu za mu ce "Audu ya sha koko", su sai su fara da kokon, sha ya biyo, Audu ya zo ƙarshe. Ba su da gaisuwa ma. Abin da ya fi kusa da ita shi ne nuqneH, wato "me kake so?" Ku dubi wannan, mu da sai mun tambayi gida da gajiya da yara kafin mu faɗi abin da ya kawo mu!

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake koyonsa. Harshen da babu uwar da ta yi wa ɗanta rarrashi da shi, wa zai koya maka? Amsar ita ce, wanda ya riga ka da taki ɗaya. A 1992 masu sha'awarsa suka kafa ƙungiya a Amurka mai suna Klingon Language Institute. A wancan lokacin suna aika wa sabon shiga darasi ta gidan waya, ya amsa ya mayar, wani ya zauna ya gyara masa. Daga 1994 suka fara taron shekara-shekara, inda gwani da ɗan koyo ke zama wuri ɗaya. Har wasan Hamlet na Shakespeare suka juya zuwa harshen a 1996. A 2018 aka sa shi a manhajar Duolingo, ta nan ne kuwa ya iso Aboabo. Haka ma harshen Na'vi da Paul Frommer ya ƙirƙira domin fim ɗin Avatar na 2009: da kalmomi suka yi kaɗan, masu koyo ne suka riƙa kai masa shawarar sababbi, shi kuma yana tacewa.

Abin da na gani a ƙofar gidan yayata ke nan. Ɗaya daga cikin yaran ya riga sauran farawa da 'yan watanni, shi ne malam. In ɗan yayata ya yi kure, sai ya maimaita masa a hankali, sau uku, sau huɗu, ba tsawa ba gori. Na zauna fiye da awa ɗaya, ban ji an yi wa wanda ya kuskure dariya ba.

Kada ku ce abin na Turawa ne kaɗai. Nan kusa da mu, a Akrokerri ta wajen Obuasi, an yi wani Batone mai suna K. A. Kumi Attobrah. A 1967, yana cikin jirgin ruwa tsakanin Ingila da Faransa, tunani ya zo masa na haɗa wa Afirka duka harshe ɗaya. A 1970 ya fito da shi, ya sa masa suna Afrihili, ya ɗebo daga Suwahili da Tonanci da wasu harsunanmu. Niyya mai kyau, aiki mai yawa. Amma je ka Kejetia ka nemi mai gaishe ka da shi, sai ka wuni. Akwai kuma wani masanin harshe a Amurka da ya yi ta yi wa jaririnsa Kilingon zalla wajen shekara uku. Yaron ya fara ji, amma da ya lura ba shi da abokin yi sai babansa, ya watsar ya kama Turanci. Ashe littafi ba ya riƙe harshe, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko zaurancen da muka yi muna yara don kada manya su gane, wane littafi ya koya mana? Aboki ne ya ja ka gefe ya nuna maka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na ce wa ɗan yayata ya rubuta mini layi biyu da Hausa. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya taɓa gwadawa, wani ya ce masa wannan ai Hausar Gana ce, ba ta san mace ba ta san namiji ba, tun daga ranar bai sake ba. Jama'a, wannan ya dame ni. Gaskiya ne a Zango da yawa kan ce "ya zo" ko da mace ce. Gaskiya ne kuma Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnatin ƙasar nan, ko da yake ana jin ta a rediyon GBC. To in makaranta ba ta koyar ba, mu kuma muka tsaya dariya, wa ya rage? Haka muke yi wa Bafarafare ko Batone da ya shigo unguwa yana ɗan tattaɓa Hausa: kafin ya rufe baki mun kwaikwaye shi. Masu harshen tatsuniya suna lallashin baƙo ɗaya kamar ƙwai, mu masu miliyoyi muna korar namu da baki.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, ko ta boko ko ta ajami, ya nemi majalisar ataya mafi kusa da shi ya zauna. Ba sai da allo da alli ba. Ka gyara kure ɗaya a rana, ka yaba abin da aka yi daidai.

Ni dai mun ƙulla da yaran nan: kowace Juma'a da dare zan nuna musu bambancin baki da baƙi, da na kafa da ƙafa, su kuma su koya mini kakarinsu. Makon jiya na gwada, yayata ta fito da gudu da kofin ruwa a hannu.

Allah Ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.