Bakin Salansa da Tsohuwar Mota: A Auna Kafin a Biya

Duk wanda ya san Suame Magazine a Kumasi, ko layukan 'yan kayan gyara na Abossey Okai a Ankara, ya san cewa a ƙasar nan mota ba ta mutuwa sai mai ita ya gaji. Tsofaffin akori-kura da suka haura shekara talatin har yanzu su ne ke ɗauko masara daga Ejura da doya daga Techiman, kuma gidaje da yawa a zangunanmu da su ake ɗora tukunya. Saboda haka maganar abin da za a ɗaura wa injinsu ba ta kanikawa ba ce su kaɗai.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yayin da ya shigo tsakanin samarin direbobi, na cire bakin salansa na asali, wanda kanikawa ke kira manifol, a maye shi da mai bututu-bututu mai sheƙi da ake ce wa heda. Na asalin ƙarfen zubi ne, dunƙule guda, mai nauyi, ba shi da kyan gani. Shi kuwa heda kowace silinda da nata bututun, sai can ƙasa su haɗu. Hikimarsa ita ce hayaƙin da ya fita da gudu yana barin zuƙa a bayansa, wadda ke taimakawa wajen jawo na silindar da ke biye. Ba mu musun wannan. Abin da muke cewa shi ne ba a sayensa da ido, ba a kuma sayensa da kunne.

Da yawa sun ɗauka faɗin bututu shi ne ƙarfi. A motar tsere, wadda injinta ke kuka a sama kullum, akwai ƙamshin gaskiya. Amma motar da za ta hau dutsen Mampong da buhuna a bayanta, ƙarfin ja take nema tun injin yana juyawa a hankali. Idan bututu ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙi yakan rage gudu, zuƙar nan ta raunana, sai direba ya ga ƙara ta ƙaru amma yana sauko da giya a inda da ba ya saukowa. Ga inji mai silinda huɗu irin 22R na Toyota Hilux, bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi, ko abin da ya ɗan ɗara haka, ya wadatar. Wanda bututunsa huɗu suka fara komawa biyu kafin su zama ɗaya ya fi dacewa da mai lodi.

Sunan inji ma bai isa hujja ba. Shi kansa 22R an sauya siffar ramukan fitar hayaƙinsa a 1985, don haka wanda aka ƙera wa na kafin wannan shekara ba lallai ya zauna daram a na bayanta ba. Injin 2F na tsohuwar Land Cruiser kuwa nasa sha'anin daban ne: mashigar iska da mafitar hayaƙi gefe ɗaya suke, kuma akwai kusoshin da suka yi tarayya a kansu. Idan kaurin fuskar heda bai yi daidai da na mashigar iska ba, notin zai danne ɗaya ya bar ɗaya, sai injin ya riƙa shan iska ta gefe, a yi ta zargin kafireto ba da haƙƙinsa ba. Ban da haka, nawa ne cikin motocinmu ke ɗauke da injin da suka fito da shi daga kamfani? Lambar da ke jikin injin za a karanta, ba wadda ke takarda ba.

Sai batun sitiyari, wanda mu ya fi shafa. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama. Motocin da aka shigo da su daga Ingila ko Japan an juya musu sitiyari a gareji, kowane bakanike da irin dabararsa. Heda da aka lanƙwasa a Amurka ko Ostireliya bai san da wannan ba. Yana iya gugar sandar sitiyari, ko ya kwanta kusa da bututun birki, ko tiyon mai, ko sitata. Bututu siriri ya fi ƙarfen zubi watsa zafi, kuma man birki idan ya tafasa, ƙafa sai ta nutse har ƙasa. A gangara da lodi, kowa ya san ma'anar wannan. Masu dizal mai tobo kuwa, wannan yayi ba nasu ba ne, domin manifol ɗinsu shi ke riƙe da tobon.

Akwai kuma abin da ba ya ƙara balle a ji shi. Fuskar heda mai araha siririya ce, zafi yana karkatar da ita, gasket ya ƙone, hayaƙi ya sami hanyar shiga gaban mota. A cikin hayaƙin fetur akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da gyangyaɗi, direba ya ɗauka gajiya ce, ga yaron mota yana barci a gefensa cikin sanyin hunturu an rufe gilashi. Fuskar da kaurinta bai kai kimanin milimita 10 ba, a bar wa mai shago kayansa.

Masu son heda suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma mun yarda da ita. Manifol na asali yana tsagewa, samun lafiyayye yana ƙara wuya, waldar ƙarfen zubi kuma ba ta daɗewa sai an gasa shi tukuna, an yi da sandar da ta dace, an bar shi ya huce a hankali. Wanda ya rasa na asali, heda mai kauri da aka auna ya fi facin da zai sake buɗewa bayan wata biyu. Wanda nasa lafiya lau kuwa, ba mu ga dalilin cire shi ba.

Rigimar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce: mai shago ya ce zai shiga, an kai gareji bai shiga ba, an buga shi da guduma, an dawo da shi a lotse, ya ce ba haka ya sayar ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayanin cinikin zaɓi, inda ake yanka ɗan wa'adi don a gwada kaya. A yi amfani da shi. A tafi kasuwa da tsohon gasket a hannu, a ɗora shi a fuskar sabon a ga ko ramuka da gurbin kusoshi sun hau. A tafi da bakaniken da zai ɗaura, a faɗi sharaɗin mayarwa a gaban shaida, a rubuta shi a bayan rasit. Idan an isa gareji, a fara gwada shi da noti biyu kawai, a juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, kafin kowa ya ɗauki guduma.