Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada a Yi Gaggawar Jefar da Tsohuwar Kwamfuta

A gidaje da makarantu da dama akwai kwamfutar da aka jingine a kusurwa, ƙura ta lulluɓe ta, wai don ta cika nawa. Sau da yawa mai ita ya riga ya yanke hukuncin cewa sai sabuwa, alhali kuwa kuɗin sabuwar ya fi ƙarfinsa. A ganina wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, domin galibi sassa biyu ne kawai ke jawo nawar, kuma ana iya sauya su ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Na farko shi ne faifan ajiya. Tsohon faifai yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, wani ɗan hannu kuma yana kai da komo a kansa yana neman bayani. Sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinta. Ko wadda ake jonawa a gurbin tsohon faifan tana iya karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, wato wajen ninki huɗu ko biyar na tsohon. Kwamfutar da sai an gaji da jira kafin ta tashi, sai ga ta tana tashi nan da nan.

Na biyu shi ne RAM. Idan muka kwatanta faifai da ɗakin ajiye littattafai, to RAM ita ce teburin da ɗalibi ke baje su yana nazari. In teburin ya yi kaɗan, tilas ya riƙa zarya zuwa ɗakin. Ɗaga RAM daga gigabait 4 zuwa 8 kan wadatar wajen rubutu, lissafi da binciken intanet. Amma a yi hattara: akwai DDR3, DDR4 da DDR5, kuma wata ba ta shiga gurbin wata. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ma an like ta ne, ba ta ciruwa. Saboda haka a duba lambar samfurin na'urar kafin a nufi kasuwa.

Akwai kuma gyaran da kusan kyauta ne. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, zafi ya taru, na'urar kuma ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Share ƙurar kaɗai kan kawo sauƙi. Sai dai kafin a buɗe murfi, a kwafe muhimman takardu, a cire waya daga lantarki, a kuma taɓa ƙarfe don sauke cajin da ke jiki.

Wani zai ce ai zamani ya riga ya wuce waɗannan na'urori. Lalle maganarsa na da tushe, domin ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, Windows 11 kuwa ba ta amince da akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba. To amma ƙofa ba ɗaya ba ce. Manhajar Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ce, kuma tana tafiya lafiya lau a kan tsofaffin na'urori. Inda dai ya kamata a haƙura shi ne idan babban allon da dukkan sassa ke manne a kai ya lalace, ko kuwa kuɗin gyara ya kusa kamo na wata kwamfutar gwanjo mai lafiya.

Batun bai tsaya ga aljihu ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Irin wannan shara tana ɗauke da dalma da sauran guba masu gurɓata ƙasa da ruwa.

Don haka muna kira ga malaman kimiyya da su fito da kwamfutocin da aka jingine, su buɗe su tare da ɗalibansu. Ɗalibin da ya sauya faifai da hannunsa ya daina tsoron na'ura ke nan, kuma ya kama hanyar sana'a.