Guntayen Ulu Ba Shara Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a a gidajenmu na nan Sabo da ya kamata mu sake dubawa. Mace ta gama saƙa hular jariri da safa, ragowar ulun sai a cusa a leda, daga baya a share. Alhali kowa ya san yadda kuɗin ulu ya tashi.

A ganinmu da waɗannan guntayen ya kamata a fara koya wa 'yan mata kwarashi. Yarinya ta ja sarƙa kamar 20, ta juyo tana bin layi da saƙa iri ɗaya har ta sami ɗan falle mai kusurwa huɗu, kamar faɗin tafin hannu. Gobe ta canja launi, ta gwada wata saƙar. In ta ɓata a warware, babu asara. In fallayen sun kai 40 a haɗa su, a zagaye bakin da launi ɗaya, bargon jariri ya samu. A dai kula kaurin zaren ya zo ɗaya, in ba haka ba bargon zai karkace. Bakin zaren kuma a sa allura a ɓoye shi cikin saƙar, don ƙulli yana kwancewa a wanki.

Wasu iyayenmu mata na cewa kai irin wannan bargo gidan suna abin kunya ne, wai alamar babu ce. Ba mu yarda ba. Shawul ɗin kanti mutum biyar za su kawo iri ɗaya, mai jego ma ba ta tuna wa ya kawo wanne.

Mai ragowar ulu a ɗaki, don Allah ta miƙa wa masu koyar da yaran kafin sanyin damina ya kankama.