Maganar Zaure: Karen Da Aka Kulle Shi Kaɗai

Wannan karo maganar kare za mu yi, kuma mun san akwai dattawan da za su murtuke fuska tun ba su karanta ba. A yi mana haƙuri, abin ya riga ya shigo gidajenmu.

A watan jiya wani ɗan'uwanmu mai kanti a hanyar Stratford, nan Sparkbrook, ya zo mana da takarda daga hukumar gari. Maƙwabciyarsa ta kai ƙara, wai karensa na kuka tun hantsi har la'asar. Ya rantse mana bai taɓa jin kukan nan ba. Gaskiyarsa kuwa, domin karen ba ya yi sai ya ga kowa ya fita. 'Ya'yansa ne suka matsa aka sayo shi a 2020, lokacin zaman kulle na korona. Tun daga ran nan bai taɓa wuni shi kaɗai ba, saboda mahaifiyar maigidan na gida kullum. Ko da shi ke ba ta ko yarda ya raɓe ta, yana jin motsinta, wannan ya ishe shi. Da tsohuwa ta koma Kumasi, sai kuka ya tashi, har da cizon ƙofa da fitsari a ɗaki.

Waɗansu sun ce aljanu ya ke gani, waɗansu sun ce iskanci ne, a sa masa bulala. Mu dai ba mu yarda da ko ɗaya ba. Kaɗaici ne ke firgita shi. Ku tuna da karnukan gida, ko a Zangon Kumasi, ko Nima, ko Fagge. Yaushe kare ya taɓa rasa mutane? Ga mata na daka, ga yara, ga awaki, ƙofar zaure a buɗe. Nan kuwa a rufe shi cikin ɗaki awa takwas, a gidajen da bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, ko tari ka yi sai ya ji.

Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, amma Risala ta hana ajiye shi a gida in ba don gona, ko kiwo, ko farauta ba. Wannan fagen malamai ne, a je a tambaye su. Abin da muka sani, wanda ya riga ya ajiye, haƙƙi biyu sun hau kansa, na dabba da na maƙwabci. A Ingila kuwa duka biyun doka na tsaron su. Dokar 1990 ta ba hukumar gari ikon ba mutum takardar gargaɗi a kan ƙarar da ke damun maƙwabta, in ya yi kunnen ƙashi sai kotu da tara. Dokar 2006 kuma ta ɗora wa mai dabba nauyin kula da lafiyarta. Kada ma wani ya ce zai kai shi nesa ya sake, gama tun 2016 tilas ne kowane kare a sa masa wata 'yar alama kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fata, wadda ke nuna ko na wane ne.

To, mene ne magani? Bulala dai ƙara tsoro ta ke yi. In ka dawo ka tarad da ɓarna ka doke shi, ba zai haɗa dukan da abin da ya yi tun da safe ba, sai dai ya koyi jin tsoron dawowarka kuma. Abin da masana halin karnuka ke koyarwa shi ne sabo a hankali. Kare ya san alamun fitarka sarai: ka ɗauki makulli, ka sa hula, ka sa takalmi. Sai ka riƙa yin waɗannan duka ka koma ka zauna, har su daina tayar masa da hankali. Sa'an nan ka fita, ka rufe ƙofa, ka dawo kafin ya buɗe baki, ko da ƙirga goma kaɗai ka yi. Gobe minti ɗaya, in ya jure a ƙara. Ran da ya yi kuka, ka yi gaggawa ke nan, koma baya kaɗan. Ban da doguwar sallama wajen fita, ban da hayaniya wajen dawowa. A zagaya da shi ya gaji tukuna, a bar masa abin taunawa, a kuma ajiye waya tana ɗaukar hotonsa don a ga abin da ya ke yi. In abin ya yi tsanani, likitan dabbobi na da magani.

Wahalar ita ce, aikin makonni ne, wani lokaci watanni, kuma cikinsu ba a so a bar shi ya wuni shi kaɗai. Ƙungiyar RSPCA ma shawararta kada a wuce awa huɗu. Ɗan kasuwar da ya ga ba zai iya ba, gara ya nemi gidan karnuka na Birmingham, wanda ke wannan aiki tun 1892.

Ɗan'uwan namu ya je ya ba maƙwabciyarsa haƙuri, ya gaya mata abin da ya ke yi. Babban ɗansa ke zama da karen da safe, shi kuma yana lekowa da azahar. Ran Juma'ar da ta wuce ya ce mana sun kai minti arba'in ba kuka.